Ku Tambaya Mu Amsa: Gwagwarmayar Mutanen Koriya Ta Fita Daga Hannun Japan

Wasiƙun wannan fitowa duk daga Sakkwato da garuruwan da ke kewaye da ita suka zo, kuma duk a kan batu ɗaya: shekara 35 da Koriya ta yi a ƙarƙashin mulkin mallakar Japan, daga 1910 zuwa 1945. Mun haɗe masu kama da juna, mun taƙaita dogayen.

Tambaya: Assalamu alaikum. A makaranta Turawa kaɗai aka gaya muna sun yi mulkin mallaka. Yaya aka yi Japan, wadda ba ƙasar Turai ba ce, ta mallaki Koriya? Da yaƙi ta ci su?
*Ɗalibin sakandare, Runjin Sambo*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗanmu. Da takardu aka cinye Koriya, gaɓa bayan gaɓa, sai dai duk takardar da za a sa wa hannu akwai soja tsaye a bakin ƙofa.

Ta farko ita ce yarjejeniyar Ganghwa ta 1876. Japan ta jibge jiragen yaƙi, ta tilasta wa Koriya buɗe tashoshin jiragen ruwa uku, Busan da Wonsan da Incheon, aka kuma rubuta cewa ɗan Japan da ya yi laifi a can ba alƙalin Koriya ne zai hukunta shi ba. Daga nan ta juya kan abokan takararta. Ta ci Sin da yaƙi a 1894 zuwa 1895, ta ci Rasha a 1904 zuwa 1905. A tsakani, cikin Oktoban 1895, mutanen jakadan Japan suka kutsa fada suka kashe Sarauniya Min saboda ta karkata wajen Rasha. A 1905 Birtaniya ta sabunta ƙawancenta da Japan ta sallama mata Koriya, Amurka kuma hankalinta yana kan tsibiran Filifin.

A Nuwamban 1905 wakilin Japan, Ito Hirobumi, ya sa soja suka zagaye fada, ministoci biyar suka amince harkokin wajen Koriya su koma hannun Tokiyo. Sarki Gojong bai buga hatiminsa ba. A 1907 ya tura wakilai uku a asirce zuwa taron zaman lafiya na birnin Hague su kai kuka, aka hana su shiga zauren, wai ƙasarsu ba ta da sauran bakin magana a waje. Japan ta tuɓe shi ta naɗa ɗansa Sunjong, ta rushe rundunar sojan Koriya ranar 1 ga Agusta, 1907. Sojojin da aka kora suka hau duwatsu suka haɗu da manoma 'yan sa-kai, kuma lissafin sojan Japan da kansa ya nuna an kashe sama da 17,000 daga cikinsu a 'yan shekarun nan. A 1909 wani ɗan gwagwarmayar Koriya, An Jung-geun, ya harbe Ito a tashar jirgin ƙasa ta Harbin, aka rataye shi a Maris na 1910.

Ka lura da jerin: harkokin waje, soja, kotuna a 1909, 'yan sanda a 1910. Ranar 29 ga Agusta, 1910, da aka yi shelar haɗe ƙasar da Japan, gidan sarautar da ke mulki tun 1392 ba abin da ya rage masa sai suna.

Tambaya: Ina koyar da tarihi. Na karanta cewa a 1919 mutane wajen miliyan biyu suka fito zanga-zanga. Ba rediyo, ba wayar hannu, ga 'yan leƙen asiri ko'ina. Yaya aka shirya ta, kuma mi ya hana ta cin nasara?
*Malamin makaranta, Mabera*

Amsa: Malam, wannan ita ce zuciyar maganar, za mu ɗan daɗe a kanta.

Shekara tara na farkon mulkin, 'yan sandan soja ne ke riƙe da ƙasar. An haramta jam'iyyu da jaridun 'yan ƙasa, malaman makarantun gwamnati da takobi a ƙugu suke shiga aji, dokar bulala ta 1912 kuwa a kan 'yan Koriya kaɗai take aiki. Ƙungiyoyin da suka rage masu reshe a kowane lardi su ne na addini, don haka daga can shirin ya fito. Mutum 33 suka sa hannu a takardar shelar 'yanci: Kiristoci 16, mabiya addinin gida na Cheondogyo 15, mabiya Buda 2. Cheondogyo, ƙarƙashin Son Byong-hi, ita ta kawo kuɗi da maɗaba'a. Coci-coci suka kawo makarantu da ɗalibai. Sun yi ittifaƙi a kan abu uku: a jawo talakawa, a yi magana da murya ɗaya, kada a ɗauki makami.

Sai zaɓen lokaci. Tsohon sarki Gojong ya rasu ranar 21 ga Janairu, 1919, aka yi ta raɗe-raɗin guba aka ba shi, aka sa jana'izarsa 3 ga Maris. Jana'izar ta ba dubban mutanen karkara dalilin zuwa Seoul da ɗan sanda ba zai iya hanawa ba. Masu shirin suka bar ranar 3 don girmama mamaci, suka bar ranar 2 don Lahadi ce, suka tsaya a kan Asabar, 1 ga Maris. Kafin nan, ranar 8 ga Fabrairu, ɗaliban Koriya da ke Tokiyo sun karanta tasu shelar, abin da ya zaburar da manya a gida.

Daren 27 ga Fabrairu aka buga kwafi kusan 21,000 a maɗaba'ar Boseongsa. Aka rarraba su ƙulli-ƙulli ga fastoci da shugabannin rassan Cheondogyo da ɗalibai, suka hau jirgin ƙasa. Shi ya sa garuruwan da suka tashi tare da Seoul a ranar farko, irin su Piyongyang da Uiju da Wonsan, akasarinsu na bakin dogo ne. Bayan haka abin ya yaɗu ta hanya biyu: masu jana'iza da suka koma gida da labari a bakinsu, da ɗaliban da aka rufe wa makarantu suka koma ƙauyukansu da takardu a ɓoye. A ƙauye kuwa ranar kasuwa ake jira. Kasuwar ƙauyen Koriya duk bayan kwana biyar take ci, kowa ya san ranarta kamar yadda mutanen nan suka san ranar kasuwar Acida, ba sai an aika goron gayyata ba. Da dare a ɗinka tutoci, da rana in kasuwa ta cika wani ya hau bisa ya karanta, jama'a su ɗauki kirarin "manse", wato ƙasa ta daɗe.

Inda aka samu matsala, na farko, shugabannin ne. An shirya su karanta shelar a dandalin Pagoda, amma da suka ji tsoron taron ɗalibai zai rikiɗe ya zama faɗa, sai 29 daga cikinsu suka taru a gidan cin abinci na Taehwagwan, suka karanta, suka sanar da 'yan sanda da kansu. A ranar aka kwashe su. Jarumtaka ce, ba shakka, amma ba su bar sahu na biyu da zai ja ragama ba, ba su kuma tsara abin da za a yi a mako na biyu da na uku ba. Kowane gari ya yi gaban kansa.

Na biyu, sun ɗora fata a kan maganar shugaban Amurka Woodrow Wilson cewa kowace al'umma ta zaɓi makomarta. A aikace maganar ta tsaya ne a kan ƙasashen da ke hannun waɗanda aka ci a yaƙin duniya na ɗaya, Japan kuwa tana cikin waɗanda suka ci, tana zaune a teburin taron Faris. Wakilin Koriya, Kim Kyu-sik, ya isa Faris, ba wanda ya saurare shi.

Na uku, ƙarfin bindiga. A Afrilu aka ƙaro sojoji daga Japan. Ranar 15 ga watan, a ƙauyen Jeam-ri, aka tara mazaje a coci aka harbe su aka cinna wa ginin wuta, sama da mutum 20 suka mutu. Wani ɗan mishan ɗan Kanada, Frank Schofield, shi ya ɗauki hotunan wurin ya fitar wa duniya. Alƙaluman sun bambanta, kuma ya kamata ka nuna wa ɗalibanka bambancin. Hukumomin Japan sun ce mutum 553 aka kashe. Masanin tarihi Park Eun-sik, da ke gudun hijira a Shangai, ya ce mahalarta miliyan biyu, matattu 7,509, waɗanda aka kama kusan 47,000. Ƙididdigar da cibiyar tarihi ta gwamnatin Koriya ta Kudu ta fitar a 2019, wadda ta tsaya kan abin da takardu suka tabbatar kaɗai, ta samu mahalarta tsakanin 800,000 da miliyan ɗaya.

Duk da haka ba a tashi a tutar babu ba. An sauya babban gwamna, aka kawo Saito Makoto, aka soke bulala a 1920, aka bar jaridu irin su Dong-A Ilbo da Chosun Ilbo suka fito, ko da yake an ƙara yawan 'yan sanda a lokaci guda. Abin da ya fi waɗannan girma a ganinmu shi ne, daga wannan shekara manomi da 'yar makaranta sun shiga maganar ƙasa, wadda a da ta fadawa da malamai ce.

Tambaya: An ce Japan ta gina masu madatsun ruwa, noman shinkafa ya ƙaru. To mine ne abin kuka?
*Manomin shinkafa, Wurno*

Amsa: Alhaji, noman ya ƙaru, gaskiya ne. Sai ka tambayi tukunyar wa ta cika.

Daga 1910 zuwa 1918 aka yi awon filaye. Duk mai gona sai ya kai rahoto a rubuce cikin wa'adin da aka yanka, a ba mutum ɗaya takardar mallaka. Haƙƙin manomin da ya gaji noma gonar wani tun kaka da kakanni bai shiga takarda ba, sai ya koma ɗan haya da za a iya kora duk shekara. Filayen sarauta da na hukuma suka koma hannun gwamnatin mallaka, ta sayar wa 'yan Japan da kamfanin raya gabas da aka kafa a 1908. Manyan masu filaye 'yan Koriya su ma sun ci riba, kada a ɓoye wannan.

A 1918 aka yi tarzomar tsadar shinkafa a Japan, sai a 1920 aka ƙaddamar da shirin ƙara noma a Koriya. Kuɗin ruwa da na taki ana jibga su a kan ɗan haya, bayan rabin amfanin gona ko fiye da yake ba mai fili. Abin da ake fitarwa ya ninka abin da noman ya ƙaru da shi, har a farkon shekarun 1930 kusan rabin shinkafar ƙasar ke hawa jirgi daga tashoshi irin su Gunsan zuwa Japan. Manomin da ya noma ta gero yake ci, wanda ake shigowa da shi daga Mancuriya, in bazara ta yi kuma wasu har saiwoyi da ɓawon itace.

Manoma sun yi tirjiya. A tsibirin Amtae, 1923 zuwa 1924, 'yan haya da ake karɓar wa kashi 70 zuwa 80 cikin 100 suka haɗa kai suka ƙi biya. Da aka kama shugabanninsu, ɗaruruwa suka haye zuwa Mokpo suka zauna a ƙofar kotu suna yajin cin abinci, har aka sauko da hayar zuwa kashi 40. Sun ci nasara ne don ba wanda ya zame ya je ya biya a ɓoye.

Tambaya: Ni dai na san ƙasa ba ta ƙwatuwa da tuta. Ba su ɗauki bindiga ba ne?
*Tsohon soja, Arkilla*

Amsa: Sun ɗauka, ranka ya daɗe, kuma sun biya farashi mai tsada. Da yake cikin gida ya zama kurkuku, sansanoninsu a hayin kogunan Yalu da Tumen suke, cikin Mancuriya, inda 'yan Koriya masu hijira suka kafa ƙauyuka. Yi Hoe-yeong da 'yan'uwansa biyar, 'ya'yan babban gida ne a Seoul, suka sayar da duk abin da suka mallaka a 1910, suka kafa makarantar horon soja ta Shinheung a 1911. Ta yaye sama da mutum 2,000. Cikin su shidan, ɗaya ne kawai ya ga ranar 'yanci. Makamai kuwa, da yawa an saye su ne daga sojojin Cekosulobakiya da ke barin Saiberiya ta Vladivostok, aka yi dakonsu a baya ta cikin daji.

A Yunin 1920 Hong Beom-do ya ja rundunar Japan cikin kwarin Bongodong, mutanensa na bisa duwatsu, ya yi mata kwanton ɓauna. A Oktoba shi da Kim Jwa-jin suka gwabza da Japan kwana shida a Cheongsanri. Dabarar ɗaya ce: zaɓen wuri tun kafin faɗa, bugu, janyewa kafin manyan bindigogi su iso.

Abu uku suka karya su. Abincinsu da labarinsu daga ƙauyuka suke zuwa, sai Japan ta bi ƙauyukan yankin Gando a ƙarshen 1920 ta ƙone, ta kashe fararen hula dubbai. Sannan ba su da ƙasar da za su jingina da ita. Sun tsallaka zuwa Rasha, a Yunin 1921 a garin Svobodny rikicin wa zai riƙe kwamanda ya ɓarke tsakanin ɓangarori biyu na 'yan Koriya, sojan Rasha ya shiga ya ƙwace makamai, aka kashe wasu aka kama ɗaruruwa. A 1925 mai mulkin Mancuriya, Zhang Zuolin, ya ƙulla da Japan a riƙa miƙa mata mayaƙan Koriya. Na uku shi ne zargin juna: a shekarun 1930, cikin rundunonin 'yan gurguzu, an kashe ɗaruruwan 'yan Koriya bisa zargin leƙen asiri, akasarinsu ba su ji ba ba su gani ba. Bayan Japan ta mamaye Mancuriya a 1931 ta tattara manoma cikin ƙauyuka masu shinge da masu gadi, yunwa ta gama da sauran. Kim Il-sung, wanda ya kai harin Pochonbo a 1937 kuma daga baya ya mulki Koriya ta Arewa, a 1940 ya tsere Rasha. Shi kuwa Hong Beom-do yana cikin 'yan Koriya kusan 170,000 da Stalin ya kwashe zuwa Kazakistan da Uzbekistan a 1937. Can ya rasu a 1943, sai a 2021 aka mayar da ƙasusuwansa gida.

Harin da ya fi tasiri mutum ɗaya ne ya kai shi. Ranar 29 ga Afrilu, 1932, Yun Bong-gil ya jefa bam kan dandamalin manyan Japan a lambun Hongkou na Shangai, Janar Shirakawa ya mutu daga raunukan. Wannan ya sa Chiang Kai-shek na Sin ya fara ba 'yan gwagwarmayar Koriya kuɗi da gurbin horo.

Tambaya: Ina mata suke a wannan labari? Kuma 'yan kasuwa sun taɓuka wani abu?
*Hajiya mai sayar da atamfa, Tsohuwar Kasuwa*

Amsa: Hajiya, mata suna ciki tun daga farko. A 1907 bashin da Japan ta ɗora wa Koriya ya kai won miliyan 13, kusan kasafin ƙasar na shekara guda. Mutanen birnin Daegu suka yi lissafi: in mutum miliyan 20 suka bar taba wata uku, kowa ya ajiye kuɗinta, za a kusa biya. Mata suka kafa nasu ƙungiyoyin, suka kawo zobba da abin ƙawar gashi, wasu suka rage shinkafar tukunya. A hannun jaridar Daehan Maeil Sinbo aka tara kuɗin da yawa, sai a 1908 Japan ta kama jagoranta Yang Gi-tak da zargin cin amana. Kotu ta wanke shi, amma kafin nan shakka ta shiga zukata, tarin ya tsaya. Duk asusun jama'a da lissafinsa ba a fili yake ba, ƙarya ɗaya ta isa ta kashe shi.

A 1919, Yu Gwan-sun, ɗalibar makarantar Ewha, ta koma garinsu ta shirya zanga-zangar kasuwar Aunae ranar 1 ga Afrilu. A ranar aka kashe mahaifinta da mahaifiyarta. Ita kuma ta rasu a kurkukun Seodaemun a Satumban 1920 saboda azabtarwa, tana da shekara 17.

Ta fannin kasuwa, Cho Man-sik ya fara kiran a sayi kayan gida a Piyongyang a 1920, ya bazu a 1923. Jama'a suka amsa, amma masaƙun gida ba su da ƙarfin ƙosar da kasuwa, farashin yadi ya yi sama, riba ta tafi aljihun dillalai, 'yan gurguzu suka ce talaka ake tatsa. Cikin ɗan lokaci abin ya lafa.

Tambaya: Da gaske ne an hana su magana da harshensu? Yaya bai mutu ba?
*Ɗalibar sashen harsuna, Dundaye*

Amsa: Da gaske ne, 'yarmu, amma a hankali aka yi. Tun 1911 Japananci ne harshen koyarwa. A 1938 darasin harshen Koriya ya zama ganin dama, makarantu suka fahimci saƙon suka daina, ana hukunta yaron da aka ji yana yin harshensu. A 1940 aka rufe manyan jaridun nan biyu, Dong-A Ilbo da Chosun Ilbo, aka kuma ba da wata shida, Fabrairu zuwa Agusta, kowane gida ya ɗauki suna irin na Japan. Wanda ya ƙi, ɗansa zai sha wuyar samun makaranta, rabon abinci ya yi masa wuya, sunansa ya hau gaba a aikin tilas. Kusan kashi 80 cikin 100 na gidaje suka yi rajista. An kuma tilasta sunkuyawa a wuraren bautar Shinto, addinin Japan. Kwalejin Soongsil ta gwammace rufewa a 1938, Fasto Ju Gi-cheol ya mutu a kurkuku a 1944. A nan Arewa Turawa sun ture ajami sun ɗora boko a ofis, amma ba su hana Hausa ba. Na Koriya shafe al'ummar baki ɗaya aka nufa.

Abin da ya cece shi aiki ne na haƙuri da aka yi tun kafin wuta ta iso. Suna da baƙaƙensu, Hangul, da Sarki Sejong ya ƙaddamar a 1446, guda 24 ake amfani da su yau, babba yana iya koyonsu cikin 'yan kwanaki. Daga 1929 zuwa 1934 jaridu suka riƙa tura ɗalibai ƙauyuka lokacin hutu da ƙananan littattafan koyon karatu, har hukuma ta hana a 1935. Ƙungiyar masana harshen ta daidaita ƙa'idojin rubutu a 1933, ta tantace daidaitattun kalmomi a 1936, tana tattara kalmomin kowane lardi don babban ƙamus. A 1942 aka kama mutum 33 masu alaƙa da aikin bisa tuhumar neman ɓallewa. Yi Yun-jae da Han Jing suka mutu a kurkukun Hamhung. Rubutun ƙamus ɗin, shafi sama da 26,000, 'yan sanda suka ƙwace a matsayin shaida, sai a Satumban 1945 aka tsince shi a wani sito na tashar jirgin ƙasa ta Seoul. An buga shi cikin juzu'i shida daga 1947 zuwa 1957. Da Japan ta tafi, makarantu sun samu daidaitaccen harshe a shirye.

Tambaya: A 1903 kakanninmu sun kasu biyu: masu bin Sarkin Musulmi Attahiru hijira har Burmi, da waɗanda suka zauna tare da Waziri Buhari. Haka ta faru a Koriya?
*Dattijo, Ƙofar Rini*

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. An samu masu fita da masu zama, amma da bambanci babba. Turawa sun bar sarauta suka yi mulki ta hannunta. Japan kai tsaye ta yi mulki: duk manyan gwamnoninta janar-janar ne ko manyan sojan ruwa, kuma zuwa 1945 'yan Japan wajen 700,000 ke zaune a ƙasar. Yarima mai jiran gado, Yi Un, tun yana yaro aka kai shi Tokiyo a 1907, ya girma ya zama hafsan sojan Japan. Don haka masu hijira ba su nemi maido da sarki ba. Gwamnatin wucin gadi da suka kafa a Shangai ranar 11 ga Afrilu, 1919, jamhuriya ce.

Ta sha wuya. Hanyar asiri da take karɓar gudummawa daga gida 'yan sanda sun tarwatsa ta cikin shekara biyu. Shugabanta Syngman Rhee yana Amurka yana neman goyon bayan manyan ƙasashe, wasu na cewa yaƙi, Ahn Chang-ho na cewa a gina ilimi da tattalin arziki tukuna. A 1925 aka tsige Rhee. Kim Gu ne ya riƙe ta lokacin da ko kuɗin haya ba ta da shi, ya yi ta ƙaura da ita har Chongqing, inda ta kafa rundunarta a 1940. Ba wata babbar ƙasa da ta amince da ita a hukumance.

Masu zama kuwa, a 1927 'yan kishin ƙasa da 'yan gurguzu suka haɗu a ƙungiyar Singanhoe, ta watse a 1931. Ɗaliban Gwangju suka tayar da boren 1929 da ya game makarantu kusan 200. Wasu sun tsaya har mutuwa, kamar malamin Buda Han Yong-un da ya rasu a 1944. Wasu sun karaya: Choe Nam-seon, wanda ya rubuta shelar 1919 da hannunsa, daga baya ya yi wa Japan aiki.

Tambaya: In sun yi duk wannan, don mi ƙasar ta rabu biyu?
*Ma'aikaciyar jinya, Gawon Nama*

Amsa: Malama, saboda ba hannunsu ne ya kayar da Japan ba, kuma ranar da ta faɗi ba su da murya ɗaya da manyan ƙasashe za su ji nauyinta. A taron Alƙahira na 1943 Amurka da Birtaniya da Sin suka yi alkawarin 'yancin Koriya idan lokaci ya yi, ba su faɗi lokacin ba. Rundunar Kim Gu ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ba. Wasu sun yi aiki da sojan Birtaniya a Bama, wasu Amurkawa na horar da su don a saukar da su cikin Koriya, sai Japan ta miƙa wuya ranar 15 ga Agusta, 1945, kafin su tashi. Kim Gu ya yi baƙin cikin wannan, don ya san wanda bai yi yaƙin ba ba a ba shi kujera a wurin rabo.

Rasha ta shelanta yaƙi da Japan ranar 8 ga Agusta, sojanta suka gangaro daga arewa. Daren 10 ga watan hafsoshin Amurka biyu, Dean Rusk da Charles Bonesteel, suka duba taswira suka zaɓi layi na 38 na taswirar duniya ya raba ƙasar tsakanin sojan Rasha da na Amurka, don Seoul ta faɗa ɓangarensu. Ba a tambayi ɗan Koriya ko ɗaya ba. A cikin gida Lyuh Woon-hyung ya kafa kwamitocin jama'a da suka riƙe tsaro da rabon abinci, amma Janar Hodge na Amurka da ya sauka Incheon ranar 8 ga Satumba ya ƙi amincewa da su, ya kuma ce 'yan Chongqing su dawo a matsayin mutane kawai, ba gwamnati ba. A arewa Rasha ta ɗaga Kim Il-sung, ta tsare Cho Man-sik. Shawarar taron Mosko ta Disamban 1945, ta manyan ƙasashe su yi wa Koriya riƙon ƙwarya har shekara biyar, ita ta tsaga 'yan siyasa gida biyu. Masu neman tsakiya aka kashe su: Lyuh a 1947, Kim Gu a Yunin 1949, bayan ya je Piyongyang a 1948 neman a hana rabuwar. Gwamnatin kudu ta kafu 15 ga Agusta, 1948, ta arewa 9 ga Satumba. Yaƙi ya ɓarke 25 ga Yuni, 1950, aka tsagaita wuta 27 ga Yuli, 1953, har yau ba a sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ba.

Tambaya: Japan ta biya diyya? Kuma waɗanda suka yi mata aiki, an hukunta su?
*Ɗalibin shari'a, Tambuwal*

Amsa: Kwamitin da majalisar kudu ta kafa a 1948 don binciken masu haɗa baki da Japan bai yi nisa ba. Rundunar 'yan sanda cike take da tsofaffin ma'aikatan Japan, a Yunin 1949 suka kai wa ofishin kwamitin farmaki, Syngman Rhee, wanda a lokacin shi ne shugaban kudu, ya mara masu baya.

A 1965 Japan ta ba Koriya ta Kudu kyautar dala miliyan 300 da rancen miliyan 200, ta ce an rufe maganar. Gwamnatin Park Chung-hee ta zuba akasarin kuɗin a masana'antar ƙarfe da hanyoyi, abin da ya isa hannun waɗanda aka yi wa aikin tilas kaɗan ne. Matan da aka tilasta wa zama bayin lalatar sojojin Japan ba a ma ambace su ba, sai a 1991 da Kim Hak-sun ta fito ta ba da shaida da sunanta. A 2018 kotun ƙolin Koriya ta Kudu ta yanke cewa yarjejeniyar 1965 ba ta shafe haƙƙin mutum na kansa ba, ta umarci Nippon Steel da Mitsubishi su biya tsofaffin leburori. Japan ta ƙi. A 2023 gwamnatin Seoul ta ce wata gidauniyar cikin gida za ta biya a madadinsu, wasu suka karɓa, wasu suka ce sai daga hannun kamfanonin tare da neman afuwa.